Kafin ka cire regileta daga bod ɗinka, auna waɗannan wuraren tukuna

Abin da na fi gani wajen masu koyon haɗa kayan wuta shi ne, bod ya ƙi tashi ko yana ta kashe kansa, mutum ya ɗora yatsa kan regileta, wato ɗan abin da yake daidaita ƙarfin wutar bod, yaji zafi rau, shikenan an yanke masa hukunci, a ɗauko ayan, ƙarfen narka dalma, a cire shi a sa sabo. Minti biyu sabon ma ya ɗau zafi, wani lokacin har ya fashe. A sake sa na uku. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki, domin sau da yawa regiletan lafiyarsa ƙalau, ko kuma in ma ya mutu to akwai abin da ya kashe shi kuma abin yana nan zaune a kan bod ɗin yana jiran na gaba. Ruwa baya tsami banza. Don haka ɗan'uwa ajiye ayan ɗin tukuna, ɗauko mita, wato na'urar auna boltej da karant da om.

Zan fi tsayawa kan waɗanda aka fi samu a ƙananan bod, wato 7805, da AMS1117 mai 3.3V ko 5V, da LM317 wanda ake saita shi da rizista. Dukkansu aikinsu iri ɗaya ne, suna karɓar wuta mai yawa su fitar da daidai abin da ake so, rarar kuma su mayar da ita zafi. Riƙe wannan maganar ta zafi, zamu dawo kanta. Na LM2596 mai koyil aikinsa daban ne, zan taɓo shi a gaba.

Fara da cire wuta gaba ɗaya. Idan bod ɗin da taransifoma yake aiki, zare fulogin daga bango, kar hannunka ya je ɓangaren wutar gida sam, sannan babbar kafasitar nan tana riƙe caji bayan an kashe, ka sauke ta da rizista kamar 1k, wato om 1000, kar ka haɗa ƙafafunta da sukundireba. Sai ka kai bod ɗin wajen haske ka dube shi da kyau, ka shinshina ma. Kafasitar da kanta ya kumbura ko ta zubo da ruwa, wurin da ya yi baƙi, ɗigon dalma da ya haɗe layi biyu, ƙafar da dalmarta ta tsage ta yi zobe kewaye da ita, ɗan siririn gashin waya da ya kwanta inda bai kamata ba. Ido ba mudu ba amma ya san ƙima, wallahi matsaloli da yawa a nan suke ƙarewa ba a ma kunna mita ba.

Abu na biyu da zaka duba da ido shi ne ƙafafu, musamman in kai ka haɗa bod ɗin da hannunka, don a nan mutane suke faɗawa sosai. Idan ka riƙe 7805 rubutun yana kallonka ƙafafu suna ƙasa, ta hagu shiga ce, ta tsakiya giraun, wato layin sifili da ake auna komai da shi, ta dama fita. To LM317 jikinsa iri ɗaya sak amma ta hagu ƙafar saiti ce, ta tsakiya fita, ta dama shiga. AMS1117 kuma giraun, fita, shiga. Ƙaramin 78L05 mai baƙar roba, in ɓangaren da yake shafaffe yana kallonka, juye yake da babban yayansa, fita a hagu shiga a dama. Shi kuwa 7905 na wutar nagatib giraun ne a hagu, shiga a tsakiya. Kaga ba a ɗaukar tsarin wani a ɗora wa wani, ka nemo takardar bayanin da kamfanin ya fitar ta ainihin lambar da ke hannunka ka gwada. Sannan ƙarfen bayan nan mai huda ba ado bane, a haɗe yake da ƙafar tsakiya. A 7805 giraun ne, ba damuwa ka ɗaure shi jikin akwatin ƙarfe. A LM317 da AMS1117 kuwa fita ce, ka ɗaure LM317 kai tsaye jikin akwatin da yake giraun ka yi shot da hannunka kenan, dole sai da takardar raba su da ɗan zoben roba a jikin noti.

Kafasita ma a duba fuskarta. Mai gwangwani, layin da ke jikinta nagatib yake nunawa. Amma ƴar ƙaramar tantalum ɗin nan mai ruwan ɗorawa ko baƙa da ake mannawa a fuskar bod, layinta fozitib yake nunawa. Wanda ya saba da ta farko in bai sani ba juya ta zai yi, ita kuma tantalum bata yafe wannan, shot take yi wani lokacin har da ƴar wuta.

Har yanzu ba'a kunna ba. Sa mita a om, ka auna tsakanin ƙafar fita da giraun. Da farko zaka ga lamba ƴar kaɗan tana hawa, ko mitar ta yi ɗan ƙara na daƙiƙa ɗaya ta daina, wannan kafasitoci ne suke caji daga batirin mitar, ba matsala bace. Bod mai lafiya zai tsaya a ɗaruruwa ko dubban om. Amma in ta tsaya a om 2, ko 1, ko sifili ta ƙi motsi, akwai shot a layin fita, kuma kar ka kunna a haka. Ka yi irin wannan awon tsakanin shiga da giraun, sannan tsakanin shiga da fita. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, in kaga kusan sifili tsakanin shiga da fita to regiletan ya narke a ciki, duk abin da ya shigo wucewa yake kai tsaye. AMS1117 ya kan mutu irin wannan mutuwar, sai ka tarar 12V ta wuce ta sauka kan ƙwaƙwalwar bod da bata jure fiye da 3.6V ko 5.5V, ita ma ta ƙone ta koma shot. Shi yasa kake sa sabon regileta ya ɗau zafi nan take, tsohon ya tafi da wasu kafin ya mutu.

In ba shot, sai a kunna. Wanda yake da injin bada wuta mai iyakance karant ya sa iyakar a 100mA ya fara da ita. Wanda bashi da shi ya sa rizista kamar om 10 a layin fozitib na shiga don gwajin farko, in akwai ɓoyayyar matsala ita zata sha zafin.

Baƙar wayar mita a giraun na inda wuta take shigowa, jar kuma a kan ƙafar shiga ta regiletan, ƙafar kanta nake nufi, ba bakin adafta ba, ba abin da aka rubuta jikin adafta ba. Dalili, tsakanin soket da ƙafar akwai waya da makunni da fiyus da dayod na kariya, kowanne yana cin nasa. 7805 yana buƙatar rarar kusan 2V, wato in bai samu 7V ba bazai baka 5V ba. Ka bashi 6V sai ya fitar da 4 da wani abu, mutum yace ya lalace alhali yunwa yake ji. AMS1117 rararsa ta kai 1.1V zuwa 1.3V in yana ɗauke da lodi, kenan mai 3.3V yana son ganin kamar 4.5V ko sama. Kuma awon nan a yi shi lokacin da bod ɗin yake tsakiyar aiki, ƴar motar lantarki tana juyawa, rile, wato makunnin da wuta take kunnawa, ya kama. Ɗan batirin 9V mai kusurwa huɗun nan zai nuna maka 9V in ba komai a kansa, ka ɗora masa ƴar mota ya faɗo ƙasa da 7V.

Akwai wani bod mai ESP8266, wato guntun da yake haɗa bod da WiFi, da na taɓa yini a kansa, yana tashi lafiya amma da zarar ya zo haɗuwa da WiFi sai ya mutu ya sake farawa, haka yake ta zagaye. Fitar AMS1117 tana nuna 3.3V, shigarsa 4.6V, komai kamar daidai. Sai da na kafa ido kan mitar a daidai lokacin da yake neman haɗuwa naga lambar shigar ta yi ƙasa ta dawo cikin ƙiftawar ido. Wayar USB ce, doguwa siririya, ga kuma dayod a kan bod ɗin yana cin kusan 0.3V, da guntun ya ja karant mai yawa na aika saƙo sai shigar ta faɗi ƙasa da abin da regiletan yake buƙata. Na sa gajeriyar waya mai kauri, na ƙara kafasita 470uF a layin 3.3V kusa da guntun, ya zauna daram. Irin waɗannan masu WiFi ɗin suna fizgar ɗaruruwan mA na ɗan ƙanƙanin lokaci, mita bata cika kama wannan ba sai dai ka ga lamba ta girgiza.

Bayan shiga, auna ƙafar giraun ta regiletan kanta. Mutane suna tsallake wannan don suna ganin ai giraun giraun ne. Baƙar waya tana can inda take, ka ɗora jar kan ƙafar giraun ɗin, dole kaga sifili ko abin da bai wuce ƴan mV ba. Idan dalmar wannan ƙafar ta saki, ko ramin biredibod ɗin, allon gwajin nan mai ramuka, ya buɗe baya kama ta, regiletan ya rasa ma'aunin da zai gwada da shi, sai fitar ta hau ta kusan kai shiga. Ka ga 7805 yana fitar da 10V daga 12V, kafin kace ya mutu duba ƙafar tsakiya. In ma bata katse gaba ɗaya ba, duk abin da ka gani a ƙafar nan ƙaruwa yake kan fita, in akwai 0.6V a kanta zaka samu 5.6V.

Sai fita. In ta yi daidai, 4.8V zuwa 5.2V a 7805 duk lafiya ne, kar ka damu da 4.95. In sifili ce ko ƙasa sosai alhali shiga tana da kyau, to tambayar ita ce regiletan ne ya kasa ko lodin ne yake danne shi, kuma hanya ɗaya ce ta sanin amsa, a raba su. Ɗaga ƙafar fita daga bod, ko ka cire jamfa ko wayar da ta tafi sauran da'irar. Ka bar masa ƴar kafasita a fita, ka sa rizista om 100 zuwa giraun, wannan 50mA kenan a 5V. In ya dawo 5V, gwada da om 10 mai wat 5, wato rabin amfiya, na ƴan daƙiƙu kawai don zata yi zafi. Ya riƙe, to wanke shi, laifin yana gaba. In ya kasa ko da om 100 ɗin, yanzu kam ka samu hujjar cire shi.

In laifin a gaba yake, sa mita a jere tsakanin ƙafar da ka ɗaga da sauran bod kaga nawa ake ja. Ka fara da ramin 10A. Dan Allah in ka gama mayar da jar wayar raminta na boltej nan take, don in ka manta ka je auna boltej da ita a ramin amfiya, mitar ta zama waya ce kawai, shot zaka yi. Neman wanda ya yi shot kuma, cire duk abin da yake ciruwa ɗaya bayan ɗaya, sensa, allon nuni, guntun da yake kan soket, kana kallon om ɗin layin. In ba'a samu ba sai dabarar masu gyaran waya, ka tura kamar 1V a layin da iyakar karant rabin amfiya, ka shafa sifirit a kan bod, inda ya riga bushewa nan ne zafi yake. Sau da yawa wata ƴar kafasitar seramik ce da ta tsage don bod ɗin ya lanƙwasa ko ya faɗi, da ido bazaka ga komai a jikinta ba.

Yanzu mu dawo kan zafi, don ita ce matsalar da tafi ruɗa mutane, bod yayi aiki minti uku ya mutu, ya huce ya dawo, ya sake mutuwa. Lissafin bashi da wuya, shiga a cire fita, a ninka da karant. 12V zuwa 5V a rabin amfiya, 7 sau 0.5, wat 3.5 kenan. Jikin 7805 in babu ƙarfen sanyaya yana hawa sama da digiri 50 kan kowane wat ɗaya, kaga wat 3.5 ya wuce abin da zai iya nesa ba kusa ba, cikinsa ba'a so ya wuce digiri 125, yana da kariyar da take kashe shi in ya kai wajen 150. Wannan kashewa da dawowar da kake gani shi ne yake ceton kansa. Rubutun 1A ko 1.5A da ke takardarsa gaskiya ne amma da sharaɗin zaka kwashe masa zafin. Ɗan AMS1117 kuwa da jan ƙarfen bod kawai yake hucewa, wat ɗaya ma ya yi masa yawa a mafi yawan ƙananan bod. Shi yasa wanda ya bawa bod ɗin Arduino Uno 12V sannan ya rataya motar servo ko rile biyu uku a ƙafar 5V yake jin wurin soket ɗin yana ƙuna, 150mA kacal ta haura wat ɗaya. Maganin, rage shigar zuwa 7.5V ko 9V, ko ka sa ƙarfen sanyaya da ɗan man zafi, ko ka bawa motocin wutarsu daban ka haɗa giraun kawai. Ni dai in lissafi ya wuce wat 2 bana ma wahalar da kaina, mai koyil nake sawa. Gwajin yatsa kuma, in baka iya barin yatsa daƙiƙa biyu a kai ya wuce digiri 60, ba lallai ya zama haɗari ba amma alama ce ka zauna ka yi lissafin.

Akwai matsalar da mita take ɓoyewa, rawar wuta. Ace taransifoma 9V ce da dayod huɗu da kafasita 1000uF. Ƙololuwar wutar bayan dayod kusan 11.3V ce. In wutar gida 50Hz ce kafasitar tana samun caji sau 100 a daƙiƙa, in kuma ana jan rabin amfiya tana iya sauka da kusan 5V kafin caji na gaba ya zo, kenan ƙasan ya taɓo 6 da wani abu, ƙasa da 7V ɗin da 7805 yake nema. Mitarka a DC matsakaici zata nuna, wajen 9V, kace ai akwai rara. Amma sau 100 a daƙiƙa fitar tana nutsewa, sifika tana gurnani huuum, ƙwaƙwalwa tana rikicewa. Juya mitar zuwa AC ka auna kan kafasitar, wasu ƙananan mitoci sai ka sa kafasita a jere da jar waya kafin su faɗi gaskiya. Mai osiloskof, na'urar da take zana siffar wuta a allo, shi kam zai gani ƙuru-ƙuru kamar haƙoran zarto. Sa 2200uF ko 4700uF. Tsohuwar kafasita da ta bushe ma haka take yi ko bata kumbura ba, gwaji mafi sauƙi ka jingina sabuwa a kanta, fuska daidai, in gurnanin ya ɗauke ka gano ta.

Ƙananan kafasitocin gefen regileta su ma ba na ƙawa bane. Takardar 7805 ta nuna 0.33uF a shiga da 0.1uF a fita, kuma kusa da ƙafafun, ba can ƙarshen waya mai tsawon kamu ɗaya ba. Ta AMS1117 22uF tantalum ta nuna a fita. In babu su regileta yana iya shiga kaɗawa da sauri sosai, alamarta fita tana nuna lamba marar kan gado, tana canzawa in ka kawo hannu kusa ko ka taɓa da wayar mita, yana kuma zafi ba tare da wani lodin kirki ba.

LM317 yana da nasa gwajin mai daɗi. Auna tsakanin ƙafar fita da ƙafar saiti, dole kaga 1.25V ko kusa da haka. In ka ganta shi lafiyarsa lau, koma kan rizistoci, ta sama tsakanin fita da ƙafar saiti, ta ƙasa tsakanin ƙafar saiti da giraun. Lissafin fitar shi ne ka raba rizistar ƙasa da ta sama, ka ƙara 1, ka ninka da 1.25, misali 240 a sama da 720 a ƙasa 5V zasu baka. Fita ta maƙale a 1.25V, ƙafar saiti ta taɓa giraun ko rizistar sama ta katse. Fita ta haye kusan shiga, rizistar ƙasa ce ta katse, kuma in mai murɗawa ce to ita ce ta farkon zargi don cikinta yana cinyewa. Sannan yana son a ja masa ƙaramin karant ko yaushe, har zuwa 10mA a wasu, wanda ya sa 1k ko 10k a sama zai ga fita tana hawa in ba lodi, sa 240, ko 120 in kana son kwanciyar hankali.

Na LM2596 da ake sayarwa a haɗe, abin da yafi sa a ce ya lalace shi ne shuɗin abin saitin nan, zagaye da yawa gare shi, sai ka juya ƙaramin sukurun sau goma ko fiye ta hagu kafin fita ta fara sauka. Ka saita shi da mita kafin ka haɗa komai. In ya ƙi, duba dayod ɗin gefen koyil ko ya yi shot, a ƙafar da take karanta fita kuma 1.23V ake nema.

In ka tabbatar sai an canza, tsotse tsohuwar dalma, share wurin, ka sake auna om na layin fita kafin sabon ya hau. Ka duba lambar da kyau don AMS1117 mai 3.3 da mai 5.0 da mai saiti kamarsu ɗaya, ɗan rubutun ƙarshe ne ya raba su. Ka kuma tambayi kanka me ya kashe na farko. Shigar ta wuce iyaka ne, AMS1117 baya jure sama da 15V, 7805 kuma 35V. An juya batir ne, sa dayod a layin shiga. Ko akwai babbar kafasita ko batir a fita da ya turo wuta baya lokacin da shiga ta faɗi, to sa 1N4007 daga fita zuwa shiga, ɓangaren mai zobe yana kallon shiga. Kunnawar farko a yi ta da rizistar om 100 kaɗai, in kaga lambar da kake so sai ka mayar da sauran bod ɗin kashi kashi, mita tana kan fita, ka bar shi yayi aiki kamar minti 20 da cikakken lodinsa kana taɓa shi lokaci lokaci kafin ka rufe akwatin.